Abin da Gwaggo Ta Yaba

Ya ku masu bibiyar labarina, ina gaishe ku gaisuwar wadda ta wanke fuska kafin ta zauna rubutu. Wanda yau ne zuwansa na farko, sunana Latai, 'yar Manase mai tsinkar lemo a garin Mildura. Iyayena daga tsibiran ƙasar Tonga suka zo, ni kuwa a nan aka yanke mini cibiya. Burina tun ina ƙarama in zama likita, amma shekaruna biyu na farko a jami'a sun bar mini tabon da ya ƙi gogewa. A wancan lokaci da asuba ina gonar inabi tare da Mama, da rana ina aji ina gyangyaɗi, ƙarshen mako kuwa in ba biki ba to jana'iza, kuma 'yar fari ba ta cewa tana da jarrabawa alhali tukwane suna kan wuta. Na faɗi darussa uku. Da na nemi makarantar likitanci bara, ko kiran ganawa ba su yi mini ba.

Malamata, Dakta Pellegrino, ita ce ta nuna mini ƙofar da ta rage. Ta ce in ƙara shekara guda ta bincike a ƙarƙashinta, idan na fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, masu tantancewa za su dubi sabon su yi wa tsohon sassauci. Sai dai shekarar ba ta rabuwa. Wanda ya bar ta a tsakiya kamar bai fara ba ne, kuma mai tarihi irin nawa ba a ba shi gurbin sau biyu. Na kammala zangon farko da makin da ban taɓa ganin irinsa a gaban sunana ba. Muna cikin hutun sanyi, ina jiran zango na biyu, sai aka ce Gwaggo Tangikina tana tafe daga tsibirin Vava'u, can Tonga, domin taron coci.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A al'adarmu ita ce sama da shi, sama da mu 'ya'yansa. Ita ta raɗa mini suna. A wurin biki tabarmar da ta fi kowacce laushi ita ake shimfiɗa mata, kuma duk abin da ta ɗora wa ido a gidan ƙaninta ta yaba, ya zama nata. Ba a jira ta roƙa, naɗewa ake yi a sa mata a jaka, a kuma yi mata godiya.

Saboda haka tun da labarin zuwanta ya iso Mama ta shiga kwashe gida.

"Latai, ɗauki bargon nan mai zanen damisa ki kai gidan maƙwabta. Ki haɗa da keken ɗinki."

"Mama, cikin wannan sanyin? Da me za ki rufa?"

"Da haƙuri. Zuwanta na baya cewa ta yi, 'Kai Pisila, labulenki ya yi kyau.' Wata uku masu wucewa suna kallon muna cin abinci."

Tukunyar lantarki ta tafi, agogon bango ya tafi, har kwanonin tangaran da ba a taɓa ci a cikinsu ba. Muka bar falo da tsohuwar kujera mai ramin zama, da hoton auren su Mama, da hitar ɗumama ɗaki mai ƙara kamar injin niƙa. Baba kuwa ya naɗe katifarsa ya koma gareji, domin namiji ba ya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da 'yar'uwarsa, ba ya kuma zama ɗakin da take zaune. In suna da magana, shi yana baranda ita tana ciki, ƙofa a tsakaninsu.

Ta iso cikin doguwar baƙar riga, don har yanzu tana makokin mijinta, da tabarmar da mutanenmu ke ɗaurawa a ƙugu don girmamawa, wadda ta tsufa har ta yi launin zuma, ɗaure da igiyar ɓawon kwakwa. A ƙafar dama takalmin coci ne mai sheƙi. A ta hagu kuwa silifas ɗin maza ne, an yanke masa baki, ƙafar naɗe da tsumma. Ta ce ƙaya ta taka a gonar rogo. Kowa ya ce sannu, ba wanda ya ƙara tambaya.

Ni kuwa hancina ya san warin. Binciken da nake yi a kan gyambon masu ciwon suga yake, na shafe watanni ina tsaye a bayan ma'aikatan jinya ina kallon yadda ake wanke irinsa. Rana ta uku na kasa daurewa. Na tafasa ruwa na sa gishiri, na ɗauko auduga da bandeji da safar hannu, na durƙusa a gabanta.

"Gwaggo, ki ba ni izini in duba ƙafar nan."

Mama tana bakin ƙofar kicin, ta zaro mini ido tana girgiza kai. Na ɗauka ƙyanƙyami take ji mini. Wallahi a lokacin abin da na ɗauka ke nan.

Da na warware tsumman sai ga dakakken ganye manne a ramin da ke ƙarƙashin babban yatsa. Na wanke a hankali, na cire abin da ya mutu, na taɓa tafin ƙafar wuri wuri ina tambayarta ko tana ji. Ba ta ji. Na yi mata bayanin dalili, na faɗa mata abin da za ta rage ci, kuma, ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin yadda ta yi shiru tana saurarena. Matar da ban taɓa haɗa ido da ita ba, ga ta tana gyaɗa mini kai. Safe da yamma na ci gaba da wanke mata.

Ranar Lahadi bayan coci aka buɗe ramin da ake gasa abinci a ciki a bayan gida. Aka jera doya da rogo da ganyen gwaza mai naman rago da madarar kwakwa, matan coci suka cika falo, maza suna baranda tare da Baba. Ni ina gefen Gwaggo ina kore mata ƙuda, cikin rigata mai ruwan toka da 'yar tabarmata a ƙugu. Da ta ƙoshi ta wanke hannu, sai ta ɗaga murya wajen ƙofa.

"Manase."

"Na'am, Yaya."

"Na duba gidan nan naka sama da ƙasa ban ga abin ɗauka ba. Ɓarayi ne suka shigo muku?"

Mata suka fashe da dariya, Mama ma ta yi ta yaƙe tana gyara ɗankwali. Gwaggo ta bari dariyar ta lafa, sannan ta kamo hannuna ta juya shi a cikin nata.

"Amma hannun yarinyar nan ya yi kyau."

 Ludayin da ke hannun Mama ya faɗi cikin tukunya.

"Hannun Latai ya yi kyau ƙwarai," ta sake faɗa, a hankali, yadda na baranda za su ji. "Tunda likita take so ta zama, ga majinyaciya ta samu. Litinin ta sama za mu hau jirgi tare."

Litinin ta sama ita ce ranar da za a koma karatu. Na kasa kunne wajen ƙofa ina jiran Baba. Na ji wani ya yi gyaran murya. Can Baba ya ce, "Naki ne, Yaya."

Da baƙi suka watse, Mama ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Idanunta sun yi ja.

"Mun ɓoye bargo, mun ɓoye agogo, ke kuma kin ɗauki kanki kin baje a gabanta kamar kayan kasuwa! Ban girgiza miki kai ba?"

"Mama, ƙafar ruɓewa take yi."

"Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Da kin bari mun kai ta wajen wata ma'aikaciyar jinya, Baturiya, wadda ba 'yar ƙaninta ba, da sai ta yaba ta gaji."

Ta juya ta kama wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Washegari da yamma na sami Baba a gareji yana ɗinke jakar tsinkar lemo da ta yage. Yatsunsa duk sun tsage saboda raɓar safiya. Na zauna kan akwatin katako nesa da shi kaɗan.

"Baba, ka san abin da shekarar nan take a wurina."

"Na sani."

"In na tafi, shi ke nan. Ba za su sake buɗe mini ba."

"Na sani, Latai."

"To ka faɗa mata."

Ya soke allura ya ja zare, ya sake sokewa. "Da wane bakin? Uwarmu ta rasu ina jariri. A bayan Tangikina na yi wayo, ita ta tauna mini abinci ta sa mini a baki. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta ya tafi, yau ita kaɗai ce a gidan can na bakin teku. Tsawon rayuwata labule take ɗauka da tukunya, don ta nuna wa mutane tana da ƙani. Wannan ne karo na farko da ta nemi abin da take bukata."

Na tashi na fita. Bai ɗago ba.

Wayata kuwa ba ta huta ba a makon nan. Dakta Pellegrino ta rubuto: "Latai, na samo miki izinin ganin majinyata a asibiti wannan zangon. Ki zo Litinin da safe, ki sa rufaffen takalmi. Ina alfahari da ke." Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Ta yaya zan gaya wa matar nan cewa an yabi hannuna?

Sai kuma Kelepi. Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san shi. Shi ne mai tuƙa motar ɗaga akwatuna a rumbun da ake cika kwalayen lemo, mai busa ƙaho a ƙungiyar makaɗan coci, wanda ya daɗe yana neman aurena ina ce masa ya jira sai na ga sunana a makarantar likitanci. Saƙonsa na farko ya ce:

"Na ji an yabe ki. Ni da na shekara biyu ina yabonki ba wanda ya naɗe ki ya ba ni."

Na yi murmushi hawaye na zuba. Na rubuta, "Ba lokacin wasa ba ne."

"Na sani, Likita. Ki zo rumbu ranar Asabar in mun tashi. Ina da magana, ba ta waya ba ce."

Na je. Rana ta yi sanyi, iska tana kaɗa ƙamshin ɓawon lemo. Ya fito cikin rigar aiki mai ruwan ɗorawa da hular ulu da ta yi masa kaɗan, ya buɗe mini motarsa, ya share ɓawon gyaɗa daga kujera da hannun riga, ya kunna hita.

"Kin rame," ya ce. "Ko abincin ma Mama ta kai gidan maƙwabta?"

"Faɗi maganarka, Kelepi."

Ya cire hular ya riƙe ta a cinya. Ban taɓa ganin fuskarsa babu dariya ba sai ranar. "Gwaggo tana da iko da 'yar ƙaninta. Ba ta da iko da matar wani. Na yi magana da kawuna, a shirye yake ya zo gidanku gobe bayan coci da saiwar kava ta gaisuwar manya da tabarmi, ya nemi aurenki a gaban kowa. In aka sa rana, ba mai kunyar da zai ɗauke amarya ya kai ta Vava'u. Baba bai ce wa yayarsa a'a ba, ita ba ta ji kunya ba, ke kuma Litinin kina aji."

Ku yarda da ni, masu karatu, zuciyata ta yi tsalle. Dabarar ba ta da ɓaraka ko ɗaya. Kuma ba baƙo ne yake miƙo mini ita ba, mutumin da nake so ne.

"Mahaifiyarka ta san in na samu shiga, shekara huɗu zan yi a birni?"

Ya sosa ƙeya. "Za ta sani."

"Ta san ba zan zauna ina dafa wa taron coci ba?"

"Latai, mu tsallake wannan kogin tukuna."

"Haka na tsallake shekaruna biyu na farko, ina cewa tukuna." Na kalli hannayensa, manya, duk sun yi kanta. "Kelepi, in na aure ka gobe, duk ranar da muka yi faɗa za ka tuna cewa gudu na yi na faɗo gidanka. Ni ma zan tuna. Ina so ranar da zan ce maka to, ya kasance babu jirgin da ke jirana."

Ya kalli gilashin mota da ya yi gumi. "To me za ki yi?"

"Ban sani ba."

"Kawu zai sa rigarsa ya zauna a gida gobe. Kalma ɗaya za ki turo." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ko harafi ɗaya ma, na san ku masu ilimi ba ku da lokaci."

Ranar Lahadi da safe, kafin a tafi coci, na kawo ruwan gishiri kamar kullum. Kwana biyu Gwaggo tana cewa sanyi ne yake sa ta rawar jiki. Na buɗe bandejin. Babban yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara bi, kuma wani jan layi ya taso daga idon sawu yana hawa ƙwauri. Na taɓa goshinta, zafi rau. Na san abin da nake gani. Wannan ƙafar ta wuce ruwan gishiri, ta wuce hannuna, kuma tafiyar jirgi biyu da jiran jirgin ruwa ba abin da za su ƙara mata sai kusantar kabari.

"Rufe," ta ce. "Za mu makara."

Na rufe. A coci ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba. Kelepi yana can gaba da ƙahonsa, sau biyu ya waigo. Wayata tana cikin jaka, ban taɓa ta ba.

Bayan coci mata suka biyo mu gida yin sallama, kowacce da abin da ta kawo, sabulai da atamfofi da gwangwanayen nama, ana ta cusawa a akwatunan Gwaggo. Akwatina ma yana jingine a bango, Mama ta haɗa shi da kanta ba ta ce mini komai ba. Baba yana baranda shi kaɗai, ina jin ƙarar kujerarsa.

Zan faɗa muku gaskiya, har yau ban san wanne ya fi tura ni ba, tsoron ƙafarta ko tsoron rasa karatuna. Su biyun sun cakuɗe a ƙirjina har na kasa rabewa. Na dai ga kaina na taso daga bakin ƙofa, na ratsa tsakiyar mata, na durƙusa a gaban tabarmarta.

"Gwaggo, ina neman gafara kafin in yi magana."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Yi."

"Ba zan bi ki gobe ba."

Wata tsohuwa ta ce, "Yesu!" ta toshe baki.

"Kuma ke ma ba za ki tafi ba. Ciwon nan ya shiga jini. In aka kai ki asibiti yau, yatsu za a cire. In kika hau jirgi, ƙafar ce, ko abin da ya fi ƙafar. Ki zauna a gidan nan. Da safe in tafi karatu, da yamma in dawo in yi jinyarki, har ki warke, har in gama. Hannun da kika yaba naki ne, ban hana ki ba. Amma a nan."

Na kai ƙarshe. Ba a taɓa yi ba. 'Yar ƙani ta tsaya a gaban mutane ta ce wa gwaggonta ga inda za ta kwana.

Gwaggo ba ta yi tsawa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta cire tabarau ta ninke, ta ajiye a gefe. Na ga gumi a saman leɓenta, ban sani ba ko zazzaɓi ne ko fushi.

"Manase," ta kira, "kana ji?"

"Ina ji, Yaya."

"Kai ka aiko ta?"

Shiru. Ƙarar kujerar ma ta tsaya.

"To," ta ce. "Pisila, miƙo mini almakashi."

Mama ta dafe ƙirji. "Ranki ya daɗe, yarinya ce, ba ta san..."

"Almakashi na ce."

Mata suka fara kuka ƙasa ƙasa, domin kowa a ɗakin ya gane. A wurinmu gwaggo ba ta sa almakashi a gashin 'yar ƙaninta sai rana ɗaya tak, ranar da aka binne uban yarinyar. Ga Baba kuwa da ransa, taku kaɗan daga inda nake durƙushe, bango ne kawai a tsakaninmu.

Mama ta kawo shi a tafin hannu biyu, tana tafiya kamar mai ɗauke da garwashi. Gwaggo ta karɓa ta ɗora a cinyarta.

"Ko ki ɗauki akwatinki ki kai mota, ko ki warware gashinki. Zaɓi, likita."

Na ɗaga hannu a hankali har yatsuna suka taɓa tsinken da ya riƙe gashina, gashin da ba a taɓa yanke shi ba tun da aka haife ni. Sai na ji muryar Baba daga baranda, a dishe, sau ɗaya.

"Latai."

Na tsaya da hannuna a ka. Duk tsawon rayuwata ina gane abin da mahaifina yake nufi daga yadda ya kira sunana. Wannan karon ban gane ba ko hana ni yake yi, ko cewa yake in zare.